Ranar da Rumbu Zai Ƙare

Ƴan uwa manoma, maza da mata, in aka tambayi magidanci a Azarori dami nawa ya samu bana, nan take zai faɗa, ko da yake wani yakan rage kaɗan don gudun bakin mutane. Amma in aka tambaye shi watan da hatsin nan zai ƙare, sai ya ce sai Allah. Gaskiya ne, Allah ne masanin gobe. Sai dai akwai abin da Allah ya ba mu ikon sani, mu ne ba mu dubawa. Hatsin da ke cikin rumbu yana da iyaka. Bakunan da ke cinsa sanannu ne. Kwanakin shekara kuma a ƙidaye suke. Duk wanda ya koyi haɗawa da ɗebewa da rabawa a aji, yana iya sanin watan da rumbunsa zai yi ƙasa tun ranar da ya rufe shi. Darasinmu na wannan fitowa a kan wannan sani yake, da ƴan ɗabi'un yau da kullum da ya kamata su biyo bayansa.

Mun san halin ƙasarmu. A Madawa da Buza da Keita damina ɗaya ce, gajera, daga Yuni zuwa Satumba. Da kaka hatsi na araha, domin kowa na kaiwa kasuwa. A Yuli da Agusta yana tsada, domin kowa na nema. A cikin waɗannan watanni biyu ne kuma noma ke son ƙarfi, sauro ke yawa, yara ke kwanciya. Wahala uku ke haɗuwa a ƙofa ɗaya. Manya ba su manta da 2005 ba. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka a wurare da yawa, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe gidan jinyar yara masu tamowa a Keita. Ba mu ce lissafi na sauko da ruwan sama ba. A irin wannan shekara har mai tattali yana shan wuya. Amma ba kowace shekara ce 2005 ba, kuma ko a shekarar da aka gode Allah akwai gidajen da ke sayar da akuya da Yuli don su sayi hatsin da su da kansu suka sayar da Nuwamba.

Yadda ake lissafin

Abin da ake bukata littafin rubutu ɗaya ne, da fensir, da tiya.

Da farko a san nauyin dami. Dami ba ɗaya ba ne: na wani gida ya fi na wani, na bana ba na bara ba ne. Saboda haka a fidda dami uku, babba da matsakaici da ƙarami. A sussuka su, a shiƙe, a auna da tiya, a raba abin da aka samu gida uku. In dami ukun sun ba da tiya 15, ke nan damin gidan tiya 5 ne.

Sannan a san cin gida. Wannan aikin uwargida ne, don ita ke riƙe da ma'auni. Har kwana bakwai, duk tiyar da ta shiga turmi ta ja layi ɗaya a littafi: ta fura, ta tuwo, ta kunun yara, har da abin da aka ba baƙo da almajiri. Ran na bakwai a ƙirga layukan, a raba bakwai.

Mu ɗauki misali. Gida ne mai mutum 8, suna cin tiya 2 a rana. Maigida ya samu dami 100. Zakka ɗaya cikin goma ce, dami 10 ke nan. Ya ware iri, dami 4. Ya biya bashin da ya ci da damina, dami 6.

100 − 10 − 4 − 6 = dami 80
80 × 5 = tiya 400
400 ÷ 2 = kwana 200

In an soma cin wannan hatsi ran 1 ga Nuwamba, kwana 200 na cika wajen 20 ga Mayu. Ko shuka ba a yi ba tukuna. Sabon hatsi kuwa sai ƙarshen Satumba. Tsakani akwai wajen kwana 130 da babu abin sa wa a turmi. Kwana 130 sau tiya 2, tiya 260 ke nan. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. Ashe gidan nan na da giɓin buhu 6 da rabi.

To, a nan ne amfanin karatu yake. Giɓin nan yana nan, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Bambancin kawai shi ne ranar da aka gane shi. Wanda ya gane da Nuwamba yana da wata shida a gabansa, hatsi kuma na araha. Wanda bai gane ba sai ran da yaro ya shiga rumbu ya ce ya taɓa ƙasa, ba shi da zaɓi sai hanyar gidan mai bashi, ko ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu da ke zagaya azuzuwan yaƙi da jahilci mun sha jin ana cewa ƙidayar abinci na kore albarka. Ba mu raina maganar dattawa ba, amma mu duba. Mai fidda zakka dole ya ƙirga, in ba haka ba yaya zai san ɗaya cikin goma? Labarin Annabi Yusuf kuma sananne ne ga kowa: an yi lissafin shekarun ƙoshi da na yunwa, aka adana hatsi cikin zangarniyarsa, kamar dai yadda muke yi a rumbunanmu. Akwai kuma al'adar da ke hana mace leƙa rumbun mijinta. Wannan ba mu da ta cewa a kai, kowane gida da tsarinsa. Amma lissafin nan rabinsa yana hannun maigida, rabinsa yana hannun uwargida. In ba su zauna tare ba, ko sau ɗaya a wata bayan sallar isha'i, ba zai fita daidai ba.

Cike giɓi

Da zarar an san lambar, kowa a gida ya samu abin da zai nufa. Saurayin da zai tafi cin rani Nijeriya ko Abijan ba zai tafi da ka kawai ba. Zai tafi ya san buhu uku na kansa, kuma a aiko kuɗin kafin Fabrairu, tun hatsi bai hau ba. Kuɗin da aka riƙe sai ran dawowa, rabinsa a rediyo da takalmi yake ƙarewa, sauran kuma ya tarar da kasuwa ta yi wuta. Mai garkar albasa a fadamar Tarka ya san buhu nawa zai sayar da an cire, ya san nawa zai sa a rudu ya jira tsada. Mai wake kada ya yi gaggawar sayarwa don tsoron ƙwari. Tun 2007 aka soma yaɗa buhun nan mai ninki uku, wanda ake kira PICS, a ƙasarmu. In waken ya bushe sosai, aka ɗaure kowane ninki dabam yadda iska ba ta shiga, ƙwarin ciki na mutuwa ba tare da an zuba guba ba.

Buki da suna da aure su ma a ba su layinsu a littafi tun da kaka. Zumunci wajibi ne, ba mu ce a yanke shi ba. Mun ce a yanka masa rabonsa, kada ya ci na Agusta.

Akwai kuma ƴan ƙananan hujoji da ba a kula da su. Dala ashirin, wato 100 F, ba komai ba ce a ido. Amma mai kashe ta kullum a shayi da sukari ko katin waya, a wata ya kashe jika 3, a wata goma sha biyu jika 36. Ku tambayi kuɗin buhun hatsi a kasuwar Madawa da kaka, ku raba ku gani. Ba mu hana shayi ba. A fada ake jin labarin gari, a nan ake sasanta mutane. Amma mutum ya san abin da yake sha.

A wannan fanni mata sun riga maza. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi. Babu wani asiri a cikinsa. Mata na haɗuwa rana ɗaya sananniya kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a kulle a akwati, mai bukata ta ara ta biya. Daga nan tsarin ya bazu cikin Nijar, ya ƙetara ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Abin da ke riƙe shi ba yawan zubin ba ne. Ranar ce ba ta canzawa.

Rami hamsin kafin hantsi

Sayen hatsi da wuri maganin bana ne. Maganin baɗi a gona yake, kuma da rani ake yinsa.

A ƙasarmu akwai fako da yawa, ƙasa mai tauri wadda ruwa ke bi ta kanta ya wuce, ko ciyawa ba ta fitowa. Irin wannan ƙasa ce tassa ke rayawa. Asalin gyaran wannan dabara daga yankin Yatenga na Burkina Faso ne, inda suke ce mata zai. Wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, shi ya yi suna wajen faɗaɗa ramin da zuba masa taki tun wajen 1980. A 1989 aka kai wasu manoman Illela ziyara can, suka gani da idonsu, suka dawo suka gwada a gonakinsu. Cikin ƴan shekaru, a wajen Badagishiri, fakon da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa.

Ga yadda ake yi. A haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20. Ƙasar da aka fidda a tara ta a gefen gangare, don ta tare ruwa ya koma cikin ramin. Tsakanin rami da rami taku ɗaya babba, wajen mita ɗaya. Ramin layi na biyu ya faɗo tsakanin ramuka biyu na layin farko, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. A zuba taki hannu ɗaya ko biyu, a yayyafa ƙasa kaɗan a kai. Kafin damina iska za ta kawo ganye da rairayi, gara za ta zo cin takin ta huda ƙasar, ta buɗe wa ruwa hanya. Ran da aka yi ruwan shuka, sai a shuka cikin ramin. A lura: tassa ba ta jigawa ba ce, don rairayi na rufe ta, ba kuma ta ƙasar da ruwa ke kwanciya ba ce, don shukar za ta ruɓe.

Aikin na da wuya, ba za mu ɓoye ba. Eka ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. In rami ɗaya ne a kowace mita, ramuka 10.000 ke nan. Wannan lambar ita ke karya gwiwar mutane. Mutum ya tsaya bakin fako ya dubi faɗinsa, ya ce sai gobe. Gobe ta zama jibi, har hadari ya taso.

Amma mu raba lambar kamar yadda muka raba hatsi. Daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Afrilu mako 17 ne. In an huta ran Juma'a ko ran kasuwa, saura wajen safiya 100. Mai ƙarfi, in ƙasar ba ta cika tauri ba, yana iya haƙa rami 50 da diga tsakanin sallar asuba da hantsi. 50 sau 100, ramuka 5.000, rabin eka ke nan na sabuwar gona. Wanda 50 ta yi wa yawa ya yanke 30. Zai tashi da 3.000. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yanke lambar da za a iya cikawa ko ran da jiki ba ya so. Mai haƙa 200 yau da zafin nama, gobe kafaɗa ta riƙe, ya kwana huɗu bai koma ba, mai 50 zai wuce shi kafin wata ya mutu.

Me ya sa muka ce bayan asuba? Domin da sanyin safiya ake kama fara, wannan ɗaya. Na biyu kuma, sabon aiki ba ya zama sai an ɗaure shi jikin wanda aka saba. Mu nan ba mu rasa agogo ba: salla biyar ta yanka mana yini tun muna yara. Wanda ya ce zai yi tassa in ya samu lokaci, ba zai samu ba. Wanda ya jingine digarsa bakin zaure tun da dare, ya ce daga masallaci sai gona, ba ya bukatar shawara da zuciyarsa kowace safiya. Ko azumi ya faɗo cikin waɗannan watanni, safiyar ce dai lokacin da mai azumi ke da sauran ƙarfi. Da dare kuma a rubuta kwanan wata da yawan ramin ranar. Ido na ruɗi, yakan ce ba a yi komai ba, ko ya ce an kusa gamawa. Littafi ba ya ƙari, ba ya ragi.

Ramuka 5.000 na cin taki mai yawa, kuma ba a samunsa rana ɗaya. Shi ma tarin kullum ne. A haƙa rami a bayan gida, kowace safiya a share turken awaki da na jaki a zuba, da toka, da ƙaiƙayi, a riƙa watsa ruwan wanke-wanke. Wannan aiki yaro ɗan shekara goma na iya ɗauka ya zama nasa. Mai hali kuma ya shirya da Fulani ko Buzaye maƙwabta su kwana da dabbobinsu a gonarsa bayan girbi, kamar yadda iyaye suka saba.

Wanda ke shakkar abin da aikin yini-yini ke tarawa, ya je ƙasar Keita ya duba. A 1984, cikin tsananin fari, aka soma babban aikin raya ƙasar nan da kuɗin Italiya da taimakon FAO, hukumar PAM na ba da abinci ladan aiki. Yawancin masu aikin mata ne, don maza sun tafi cin rani. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera shinge, suka haƙa ramukan itatuwa a jikin tsaunuka, aka dasa itatuwa miliyoyi. Haka layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya, waɗanda aka soma dasawa a 1975 a ƙasar Buza. Amma a duba da kyau: inda ake mayar da dutsen da ruwa ya ture, shingen na nan, inda aka ce aikin na masu aikin ne, ƙorama ta koma hanyarta.

Kwana uku a wata

Littafin nan na rumbu yana da wani shafi, na lafiyar yara. Tun 2013 aka soma rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina a Nijar, kuma Madawa da Buza na cikin wuraren farko. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye kwana uku ne. Ran farko yaro na sha a gaban masu rabo. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa.

A nan ne ake faɗuwa. Lokacin noma ne, uwa ta yi sammakon daka, ta kai fura gona, ta dawo a gajiye, ƙwayar na ƙulle a bakin zane. Wata kuma ta ga yaron lafiyarsa lau, sai ta adana don ranar da zai kwanta, ko ta ba wansa da ya wuce shekarun. Duka kuskure ne. Maganin na tsare yaro wajen mako huɗu ne in an sha na kwana ukun cif. In an yanke, tsaron ya ragu. Dabarar ita ce dai wadda muka faɗa: a ɗaure shi jikin abin da ba a mantawa. Bayan kunun safe, kafin kowa ya fita, a ba yaro, a ja layi a littafi. Uban da ya iya karatu shi ma ya duba shafin da dare; ba aikin uwa kaɗai ba ne. In yaro ya yi amai nan take, a gaya wa masu rabo. In kuwa yana da zazzaɓi ranar rabon, ba wannan maganin ne nasa ba, a kai shi likita a gwada jininsa a ranar.

Sange, wato gidan sauro, a sauke shi da an yi sallar magariba, tun yara ba su yi barci a tabarma ba. In ya huje a ɗinke. Mun ga inda aka mai da sabon sange shingen irin albasa, yara na kwana a fili. Albasar dai ta tsira daga kaji.

Aikin aji

Ga lissafin da za a yi a allo cikin wannan mako. Gida ne mai mutum 12, suna cin tiya 3 a rana. Sun samu dami 140, kowane dami tiya 5. Za su fidda zakka, su ware iri dami 6, su biya bashi dami 12. Kwana nawa sauran zai kai su? In sun soma ci ran 1 ga Nuwamba, a wane wata zai ƙare? Buhu nawa za su nema kafin ƙarshen Satumba? Malamin aji zai duba amsar kowa. Bayan haka kowa ya koma gida ya sussuka dami uku, ya yi na rumbunsa. Wannan ba sai ya nuna wa malam ba.